Hannun da Ya Rage wa Yaya

Matso kusa, ja tabarma ka zauna, akwai abin da nake son ka ji. Labarin gidanmu ne, don ni ba mai yawo ba ce da zan kawo maka na wani gari. Tun da aka kawo ni gidan miji Gwadangaji, nan gefen Birnin Kebbi, in ba biki ko rasuwa ba, ƙofar gida ma ba kasafai nake leƙa ta ba. Karatuna bai wuce na allo da 'yar firamaren da ban gama ba. Amma Allah ya ba ni kunne, abin da aka faɗa a gabana ba ya ɓace mini.

Kafin in kai ka asibiti sai na fara nuna maka bayan hannuna na hagu. Akwai tabo a wurin, fari, mai sheƙi, daga wuyan hannu har gindin yatsu. Bahaguwa aka haife ni. Babanmu ya rasu ina goye, Yaya ne babba, shi ya zama uban gida tun gemu bai fito mishi ba, kuma ya ɗauki hagun nan tawa kamar wani abin kunya da aka bar mishi gado. In na sa ta a kwano, muciya ce a bayan hannu. In na karɓi abu da ita, rankwashi ne. Wani lokaci tun da safe zai ɗaure mini ita a ƙugu da tsumma, in wuni ina yawo kamar kaza mai karyayyen fiffike. Ranar da ya gaji, sai ya kama hannun ya tsoma shi cikin tukunyar miyar kuka da aka sauke a lokacin. Fatar ta saɓule kamar ɓawon dafaffen rogo. Inna ta yi kuka, ta shafa mini magani, amma ba ta ce mishi komai ba, don a ganin kowa gyara ni yake yi. Daga ranar da dama nake cin abinci. Sai dai sa zare a allura, da yankan albasa, da marin yara in sun ishe ni, har gobe hagu ce ke yi.

Yaya a Argungu ya zauna, a gidanmu na gado, yana noman shinkafa a fadama. Ƙaton mutum ne mai murya, ga tsagen Kabawa raɗau a kumatunshi. A zaurenshi ake ciyayya. In an sauko daga sallar azahar, maƙwabta kowa ya sa a fito da abin da aka dafa a gidanshi, a juye a babban tire ɗaya, maza su kewaye. In shinkafa da wake ce, Yaya ne ke zuba mai da yaji ya cakuɗa. In da kifi, shi ke ɓarewa ya tura wa kowa nashi. Ba wanda ya naɗa shi, haka dai aka saba, har in ya yi tafiya sai ka ji ana ƙorafin yaji bai ji ba.

Da kaka ne abin ya faru. An ɗauko injin bugun shinkafa, Yaya na tura mishi dami, sanye da riga mai faɗin hannu. Bel ɗin injin ya kama hannun rigar, ya ja. Waɗanda ke wurin sun ce kukan injin ne ya fara canzawa, kamar dutse ya faɗa ciki, sannan suka ga shinkafar da ke fitowa ta koma ja. Kafin mai injin ya kai ga kashe shi, ya cinye hannun har gwiwa. Yaya da kanshi ya fizgo abin da ya rage, ya miƙe tsaye yana kallon ƙashi da jijiyoyi na reto, sannan ya faɗi. Suka ɗaure damtsen da rawani, suka sa shi tsakanin mutum biyu a kan babur ɗin kabu-kabu zuwa asibitin Argungu. Can aka tsayar da jini, aka turo shi Birnin Kebbi. A tiyata suka yanke daga saman gwiwar hannu. Hannun dama ne.

Matarshi na cikin jego, Inna kuma ƙafa ta hana ta motsi, ni ce kusa. Haka na zama mai jinya, ni da ko sunan unguwar da asibitin yake sai da mai napep ya faɗa mini.

Da ya farfaɗo, abin da ya fara yi shi ne ya ɗaga hannu zai sosa fuska. Dungun ya ɗaga, fuskar ba ta sosu ba. Ya kalli bandejin, ya mayar da kai. Masu dubiya suka yi ta zuwa daga Argungu da Augie, kowa ya ce ya jiki, shi kuma ya ce da sauƙi, su ce Allah ya ƙara sauƙi, su aje lemu su tafi. Amma abinci ya ƙi. Na kawo fura, na kawo kunun gyaɗa, na yi farfesun kifi da hannuna na taho da shi da zafinshi. In na ɗebo a cokali na nufi bakinshi, sai ya juya fuska bango. Ya ce ƙoshi, ya ce bakinshi ba daɗi, ya ce an jima.

Wankin ciwon nan kuwa, kada Allah ya nuna maka. Bandejin kan manne da nama, sai an jiƙa an ɓamɓaro, a goge ɗanyen wurin da auduga, a matse ruwan da ya taru. Ƙato kamar Yaya sai ka ga yana dukan katifa da dugadugai, haƙora na ƙara. Wata safiya bayan an gama, yana kwance zufa ta jiƙa matashi, ya ce mini a hankali:

"Da kun bar ni can bakin inji, da ya hi."

Na ce mishi subhanallahi, ya yi istigfari, kada ya ƙara faɗin haka. Abin da muke cewa ke nan, abin da aka koya mana ke nan. Na ɗauka maganar ta wuce. Da ya sake faɗa wa wani ɗan'uwa cewa shi mutuwa yake jira, sai aka aika wa Baffa, ƙanen babanmu, wanda malami ne. Baffa ya zo da mutanenshi, ya zauna ya yi nasiha mai kyau. Ya ce jarrabawa ce, ya ce lalura ta halatta wa mutum ya ci da hagu ba laifi a kanshi, ya ce wanda ya kashe kanshi ya san makomarshi. Yaya ya ce ya ji. Kowa ya yi hamdala. Aka kira azahar, suka fita masallaci.

Fitarsu ke da wuya ya sa haƙora ya fizge allurar ƙarin ruwa daga hannunshi. Kafin in aje butar da ke hannuna, ya juya ya maka dungun a ƙarfen gado. Ya ɗaga ya sake makawa. Yana yi ba ihu, sai nishi kamar mai faskare. Bandejin ya rine, ɗinkin ya fashe, jini ya yi tsartuwa har bango, har kan hijabina. Na rungumo shi ta baya, ya sa hagun ya wancakalar da ni, na faɗa kan gadon wani tsoho mai karaya, tsohon ya fasa ƙara. Masu jinyar sauran gadaje suka taru suka danne shi, wani a ƙirji, wani a ƙafafu. Baffa ya shigo da gudu, ya warware rawaninshi, ya ɗaure hannun hagun nan tamau a ƙarfen gado. Na tsaya ina kallon ƙullin. Na san ɗaurin nan.

A nan ta shigo. Babbar nas ɗin ɗakin ce, kowa Sista yake ce mata, gajeriya mai jiki, ta manyanta, tabarau rataye a wuya. Tun ranar da na fara jin maganarta na san Bakatsina ce, aure ya kawo ta Kabi. Ba ta tambayi kowa me ya faru ba. Ta danne dungun da hannu biyu, ta tura a kira likita, aka yi mishi allura, aka sake ɗinke wurin, aka goge bango. Sai da komai ya lafa, Yaya na kwance ido biyu yana huci, sannan ta juya wajen Baffa ta ce, cikin ladabi, a kwance rawanin. Baffa ya ce ai ta ga abin da ya yi, in an sake shi zai ƙara.

"Malam, hannu ɗaya ya rage mishi," in ji ta. "Shi ma kun ɗaure."

Ta ce za a sa mutum a kowane gefe, kuma ita ta ɗauki nauyi. Baffa bai so ba, amma ya kwance. Akwai kwanon sha na ƙarfe da na aje a kan akwatin gefen gado, cike da kunun da ya ƙi sha tun safe. Abin da hannun nan ya fara yi da ya samu kanshi shi ne ya wawuri kwanon ya jefa. Bakin kwanon ya same ta a saman gira. Na ji ƙarar. Wurin ya dare, jini ya gangaro ta gefen hanci, kunu ya wanke mata farin kaya. Baffa ya ɗaga hannu zai zabga mishi mari, ta tare da kafaɗa. Ta dafe girar, ta duba jinin a tafin hannunta, sannan ta sa tabarau ta ƙare wa tsagen fuskarshi kallo.

"Ashe bawana aka kwantar mini," ta ce. "To Bakabe, ka fasa wa uwargijiyarka goshi, sai Katsina ta ji. Amma hagun nan taka tana da saiti."

Ka san tsakaninmu da Katsinawa wasa ne tun kaka da kakanni, kowa na cewa ɗaya bawanshi ne, kuma ba a fushi. Wani daga can ƙarshen ɗaki ya yi 'yar dariya ya haɗiye. Yaya bai yi ba, amma na ga idonshi ya sauka daga silin ya dawo kanta.

Ta fita, ta dawo da falasta a gira da wasu kayan. Ta roƙi maza su ba ta wuri. Ni ta ce in zauna, ya kamata wani na gida ya ji. Ta ja labule, ta jawo kujera ta zauna daidai kanshi, abin da ban taɓa ganin wani ma'aikaci ya yi ba, duk a tsaye suke magana. Sai ta tambaye shi kai tsaye, kamar mai tambayar ko yana jin zazzaɓi:

"Mutuwa kake so?"

Na buɗe baki zan yi salati, ta taka mini ƙafa.

"Awo," in ji Yaya. Ya ce in tana da tausayi ta yi mishi allurar da ba zai tashi ba, ba wanda zai sani.

"Ba zan yi ba, kuma ba mai yi maka a nan. Amma ba zan ce ka yi shiru ba. Faɗa mini."

Ta tambaye shi ko zafin ne, ya girgiza kai. Ko gonar ce, ko yara, ya ce akwai ƙanne, Allah na nan. Daga nan ta yi shiru. Shirun ya yi tsawo har na fara jin kukan fanka da tarin wani a bayan labule. Ni da ba na iya zama da shiru, na so in sa baki, amma ƙafarta na kan tawa. Ita ko agogo ba ta duba ba. Can sai ya ɗaga hagun, ya juya ta gaba da baya.

"Sista, da mi zan ci tuwo? Wanga hannu shi nika tsarki da shi. Shi zan kai baki? Shi zan sa cikin tiren mutane?"

Ta ce ai Malam ya gaya mishi hukuncin.

"Allah ya yahe, na sani. Mutanen zaurena nika ji."

Daga nan maganar ta ɓalle mishi. Ya ce ya san yadda za a yi. Ba wanda zai ce komai. Za su ce bisimilla, kowa ya ja loma daga gabanshi, su bar mishi tudun shinkafa shi kaɗai a tsakiya, ba mai taɓa inda ya taɓa. Ko kuma matan maƙwabta su fara aiko mishi da nashi kwano daban, da cokali a kai, kamar mai tarin fuka. In ya shiga masallaci a miƙo hannu a rasa abin kamawa. Ya ce ya sani ne don shi ma da wani ne haka zai yi mishi. Da ya faɗi wannan bai kalle ni ba. Ni ma ban kalle shi ba.

Sista ba ta ce mishi ƙarya yake ba. Ta buɗe tafukan hannunta biyu a gabanshi, ta shiga faɗa mishi abin da suka taɓa tun safe: bawalin wancan, ruɓaɓɓiyar ƙafar wancan, aman wani, jininshi shi kanshi. Ta ce ta wanke da sabulu ta ci ɗanwakenta, kuma da yamma da su za ta tuƙa wa mijinta tuwo, bai taɓa ƙi ba. Sannan ta shiga maganar da ba wanda ya taɓa yi da Yaya tun da ya girma, maganar bayan gida, yadda zai riƙa yi, da sabulu, da yanke farce, dalla-dalla, ba kunya ba ƙyama. Ni dai na sunkuyar da kai. Da ta gama ta ce:

"Wasu za su tashi daga tiren. Ba zan yi maka ƙarya ba. Amma ba ka san su waye ba tukuna, kuma ba ka san su waye za su zauna ba."

Ba a nan ya warke ba, kada ka ɗauka haka. Ta kwashe wuƙar da nake feraye lemu da ita, da rezar aski, da duk wani magani da ke kusa da shi. Ta ce kada a bar shi shi kaɗai ko na shiga bayi ne. Ta sa aka riƙa yi mishi allurar kashe zafi kafin wankin ciwo. Ta kawo wani likita mai duba masu damuwa, ya yi ta zuwa suna magana. Ta roƙi Baffa a rage masu dubiya. Kuma kullum da safe, kafin ta duba ciwon, sai ta tsaya ta ce Bakabe, tunanin nan yana nan? Shi kuma ya ce shina nan. Ta ce to, ta ji, ta gode da ya faɗa. Duk ɗakin nan ita kaɗai ce ba ya ce wa da sauƙi.

Amma abinci har lokacin bai ci ba. Ruwan da ake ƙara mishi kawai ke riƙe da shi. Kumatun nan suka faɗa, tsagen suka zurma. Bakin ciwon ya ƙi haɗewa, ya fara wari. Likita ya ce a gabana in bai ci ba naman ba zai kama ba, sai dai a ƙara yankewa sama, in ma jikin zai ɗauka. Yaya na ji, ya lumshe ido kamar an yi mishi albishir.

Ranar ina baranda ina yanka albasa a kan dafaffen ƙwai, Sista ta zo wucewa ta tsaya. Ta ga da hannun da nake riƙe wuƙa. Ta kama hannun ta juya, ta ga tabon, ta tambayi me ya same ni. Na ba ta labari ina dariya, yadda muka saba ba da shi a gida. Ita ba ta yi dariya ba. Ba ta kuma zagi Yaya ba. Ta daɗe tana shafa tabon da babban yatsa, sannan ta ce ashe malamar na nan zaune ana ta neman ta. Ta ce gobe in yi tuwo, in zuba a kwano ɗaya, in zo da buta da sabulu, in zauna gabanshi in ci da hannun da Allah ya halicce ni da shi. Kada in roƙe shi, kada in miƙa mishi. Ta ce in zuciyata ba za ta iya ba, in bari, ba ta da ikon sa ni, kuma ba za ta ga laifina ba.

Na tuƙa tuwon shinkafa, na yi miyar kuka da busasshen kifi. Ban zaɓi miyar da gangan ba, ita ce dai yake so. Da hantsi na aje kwanon a kan gadon, tsakanina da shi. Na wanke hannu da sabulu a gabanshi. Na yi bisimilla, na sa hagu.

Hannun bai manta ba. Lomar da ya yanko ta fi duk wadda dama ta taɓa yi mini kyau. Ban kai ta baki ba na ji tsawa.

"Ke!"

Dungun ya zabura sama. Duka ya kawo mini, da hannun da babu. Zafin ya naɗe shi, ya dunƙule yana zagi, ya zagi injin, ya zagi mai injin, ya zage ni. Na koma kamar yarinyar nan ta gaban tukunya, amma na kai lomar baki na haɗiye. Na yanko wata. Da ya ɗago, idonshi ya sauka a bayan hannuna, miya na bin tabon. Ya daɗe yana kallo. Sista na gadon kusa tana gyara wa tsohon nan ƙafa, ko juyowa ba ta yi ba ta ce:

"Bakabe, ƙanwarka fa za ta cinye kan kifin."

Ni kuwa bakina ya buɗe, ka san halina. Na shiga surutu ni kaɗai, ina cewa da hagu daga gefen nan ake yanko tuwo, babban yatsa ne ke turawa, kada a cika loma, kwanon a ɗan karkato shi. Na yi labarin tsadar kifi a kasuwa, na yi na maƙwabciyata da akuyarta. Tuwo ya kusa rabi. Sai na ga hannu ya miƙo, ba wajen kwano ba, wajen buta. Na zuba mishi ruwa, na sa mishi sabulu, na cuɗa mishi yatsun ɗaya bayan ɗaya, don hannu ɗaya ba ya cuɗa kanshi sai an koya.

Lomar farko ta suɓuce ta faɗa mishi a ƙirji. Ya damƙe ta ya maka a bango, daidai inda aka goge jini. Na ce yau kwanon ma zai bi. Ya yi ta huci. Sai ya sake sa hannu. Ta biyu ta kai baki, rabi a leɓe rabi a gemu. Ya tauna, ya haɗiye da ƙyar, idonshi ya kawo ruwa. Na jira in ji ko zai ce wani abu game da tabon. Abin da ya ce shi ne:

"Kin cika gishiri."

Bai ci da yawa ba, kuma an jima ya amayar da wani. Amma da la'asar ya sha kunu da kanshi. Washegari Sista ta yi tambayarta, ya ce shina nan, amma ya ɗan ja baya. Ta ce to a bar shi can bayan, kada a ba shi kujera.

Ciwon ya kama, ba a ƙara yankewa ba. Na koya mishi ɗaure mazagi, da sa maɓalli, da ɓare kifi da yatsu uku. Ranar sallama Sista ta kira ni da matarshi gefe, ta ce tunanin nan ba a asibiti za mu bar shi ba, zai bi mu gida. Mu riƙa tambayar shi da sunan abin, kada mu karɓi da sauƙi, kuma ranar da ya ce ya matso mu dawo da shi ba jira. Shi kuma ta ce mishi tarar goshinta kifi ne, giwan ruwa guda, ya kawo ranar da zai dawo a duba shi. Tabon na nan a girarta, na gani da muka koma.

Na bi su Argungu. Kwanakin farko a ɗaki yake ci, ya ce jiki bai yi ƙwari ba. Muna jin ƙarar tire a zaure in an sauko azahar, shi kuma ya juya fuska bango yadda yake yi a asibiti. Matarshi ta yi mishi tambayar, ya ce ya matso kaɗan. Ba mu jira ba, muka mayar da shi wajen likitan, muka dawo. Ranar da ya ce a ba shi riga zai fita, na bi shi a baya har ƙofar da ta raba zaure da cikin gida, na laɓe a bayan asabari.

Shinkafa da wake ce ranar. An juye, mai da yaji na gefe, ba a cakuɗa ba. Suka yi mishi barka da fitowa, aka matsa mishi wurinshi na da. Ya sa aka zuba mishi ruwa, ya fito da sabulu daga aljihu ya wanke hannu a gaban kowa, a hankali, har tsakanin yatsu. Sannan ya zauna, hannun a kan gwiwa. Ba wanda ya motsa. Wani maƙwabci, wanda tare suka yi wasan ƙasa, ya duba waya ya ce ana neman shi a tasha, ya sa takalmi. Wani ya ce shi dama a ƙoshe ya fito, ya ja baya ya jingina da bango. Na ga jijiyar wuyan Yaya ta tashi, na ga dungun na motsi a cikin hannun riga. Na duba inda tiren yake, na duba kawunan mutane, na tuna da kwanon sha.

Sai wani tsoho mai gyaran komar kamun kifi, wanda ba ya cika magana ba, ya ɗauki kwalbar man ya tuttula a kan shinkafar, ya watsa yaji, ya tura tiren da bayan hannu har ya taɓa gwiwar Yaya.

"Cakuɗa muna, yunwa mukai."

Yaya ya sa hagu ya cakuɗa. Shinkafa ta zuba a tabarma, bai iya juya ta yadda ya saba ba. Tsohon ya yanko loma daga daidai inda yatsun suka bi, ya ci, ya ce yaji bai ji ba. Sauran da suka rage suka sa hannu, wani da sauri, wani sai da ya ɗan duba gefe. Na bango bai matso ba. Wanda ya tafi tasha kuwa, har yau kwanon gidanshi bai sake shigowa zauren nan ba, ko da yake suna gaisawa a hanya.

Yaya na nan da ranshi, yana noma da ƙanne, ya ƙara faɗa. In na kira waya muka gama gaisuwa nakan yi mishi tambayar Sista, wani lokaci ya ce ya yi nisa, wani lokaci ya yi shiru kafin ya amsa. Ni kuma in ina ni kaɗai a ɗaki da hagu nake cin tuwona.

To kai da ka zauna ka ji, ba ni amsa tsakaninka da Allah. Da kana bakin tiren nan ranar, ka ga hannun da ya cakuɗa, loma za ka yanko, ko kai ma za ka tuna ana neman ka a tasha?